Shekarar da Na Yanke Igiyar Jirgin Babanku

Tun ranar da ɗiyata Saratu ta zo ta zauna a bakin gadona tana murza gefen mayafinta, ta ce mini ƙaninta Bashir ya sayi jirgin ruwa a Argungu kuma ya roƙi kowa kada a gaya mini, na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗora tukunya sai in tsinci kaina a bakin ƙofa. In na ɗauki carbi sai in ja rabi in manta inda na tsaya. Na share tsakar gidan nan namu na unguwar Nasarawa, na koma na sake sharewa, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko baƙi muke jira. Sayen jirgin bai dame ni ba, Allah ya sani murna na yi. Ɓoyewar ce ta tsaya mini a ƙirji. Na matsa wa Saratu ta faɗi dalili, ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce ranar da aka tura jirgin cikin ruwa 'ya'yan baffanku na Gulma sun yi wa Bashir ba'a.

"Wai sun ce masa, ka ɓoye igiyar da kyau, kada Ta-Lauje ta ji labari."

Suka yi dariya, shi ma ya yi. Ban ga laifinsa ba. Da sunan nan kuka tashi kuna ji ana kirana a gidan kakanninku, kuma labari ɗaya kuka sani: uwarku 'yar birni ce, ta tsorata da ruwa, ta ɗauki lauje ta yanke igiyar jirgin babanku, jirgi ya tafi da shinkafar gida gaba ɗaya. Ban taɓa musa muku ba, domin na yanke ɗin. Amma yanzu ɗana zai riƙa shiga ruwa kullum da rabin labari a kansa, rabin da aka bari kuwa shi ne wanda zai iya tsare masa rai. Babanku ya rasu, kakarku Inna ta rasu, baffanku Yaya Sahabi ma ya bi su bara. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda abin ya shafa. Ba na rubuta wannan don in tona asirin mamaci, Allah ya jiƙansu duka, ya sa sun huta. Ina rubutawa ne don ku sani.

Ni dai a Birnin Kebbi aka haife ni, nan na gama sakandare, kuma ban taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba sai bayan an kai ni Gulma gidan babanku, Malam Garba. Su biyu ne maza wurin Inna. Yaya Sahabi, babban, ya ɗauko gefen mahaifinsu, noma da fataucin albasa. Babanku ya ɗauko gefen Inna, wadda ɗiyar Sarkawa ce, masunta tun kaka da kakanni. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya Sahabi ba saboda kunyar ɗan fari. Ba ta yabonsa, ba ta yi masa faɗa, ko kallonsa ido da ido ba ta yi. In dole ta ambace shi sai ta ce "mai albasa", tana kallon wani gefe. Ku riƙe wannan, don zai dawo.

Jirgin babanku na katako ne, dogo, mai inji a baya, an shafe shi da shuɗin fenti da ya fara koɗewa a gefe. Shekaru ya yi yana tuƙa na wasu kafin ya mallake shi. Ranar kasuwa ya ɗauki mutane da awaki har da babura, da kaka ya ɗauki buhuna. Da shi muke ci, da shi muke sutura, da shi aka sayi ragon sunan Saratu. In ya dawo gida da yamma kafin ya tambayi abinci sai ya ba ni labarin jirgin, kamar wani ɗa ne da muka bari a waje.

A fadamar da gonakinmu suke akwai wata magudana da aka haƙa aka yi mata bango na siminti hagu da dama, tana haɗa gonaki da gulbi. A bakinta akwai ƙofar ƙarfe da ake ɗagawa da wani babban wili, da siririyar gada ta ƙafa a samanta. In gulbi ya cika sai a rufe ƙofar don kada ya afka wa gonaki. In ya ja baya sai a ɗaga ta, ruwan da ya kwanta a gonaki ya fita. Faɗin magudanar bai wuce jirage biyu gefe da gefe ba. A saman bangon an kafa turaku na ƙarfe, gajeru masu kauri, don ɗaure jirage, domin nan hanyar mota ta ƙare, nan kowa ke sauke kaya. Wurin nan babanku ya kai ni ina amarya, wai in ga inda yake wuni. Da muka iso na yi zumbur na haye matakala da igiya a hannu, ina son in nuna ni ma ina da amfani. Na ja jirgin har ya manne da bango, na yi ƙulli bisa ƙulli. Ya tsaya yana kallona yana dariya har da riƙe ciki.

"Hauwa, akuya kike ɗaurewa?"

"To ba don kada ya gudu ba?"

"Akuya bisa ƙasa take, ƙasa ba ta hawa ba ta sauka. Wanga bisa ruwa yake. Zagaya igiyar ga turke, ki riƙe bakinta ga hannunki. In ruwa sun sauka ki saki kaɗan, in sun hau ki jawo. In dole za ki tahi ki bar shi, ba shi igiya mai tsawo, ya samu wurin numfashi. Kuma ƙaramin kwalekwale baya shike tsayawa, ba a sa shi tsakanin babban jirgi da bango."

Ya kwance ƙullina da ƙyar, ya sa na zagaya igiyar da kaina na riƙe. Na ji jirgin yana ja yana saki a tafin hannuna kamar mai rai. Ya ƙara gaya mini cewa a wurin nan igiyar da mutum ya ɗaura ba mai taɓa ta sai shi, ko da ubansa ne, balle mace. Na ɗauki wannan ma na ajiye tare da sauran.

Shekarar da nake ba ku labari, Saratu tana tatata, kai kuma Bashir kana cikina, don haka kana wurin ko da ba ka gani ba. Ruwa ya yi yawa a daminar nan. Kaka ta zo shinkafa ta nuna tana tsaye cikin ruwa, wata ta kwanta tana neman ruɓewa, ga tsuntsayen jan-baki suna sauka kamar hadari. Ba wanda ke da sukuni a garin. Maza suna yanka cikin ruwa har gwiwa, ana kaiwa tudu ana bugawa ana ɗurawa a buhu, kowa na rige-rigen jirgi. Inna ta kasa cin abinci zaune, tana tsaye take shan fura tana duban sama. Ni ma ciki ya sa ba na iya kwanciya ta kowane gefe. A cikin wannan hali injin jirgi ya tsaya. Da safe babanku ya kwance abin da ya lalace ya hau babur zuwa Argungu, ya ce a jira shi kafin a yi lodi. Yaya Sahabi ba mutum ne mai jira ba. Yana da zafin nema, kuma a gaskiya tsoron asarar gida ne ya tura shi. Ya sa 'yan ƙwadago suka loda shinkafar gidan duka, tasa da tamu da ta Inna, suka turo jirgin da gwangwala.

Mu ba mu san haka ba. Ni da Inna mun kawo abincin rana a ƙaramin kwalekwalenta, ita ke tuƙi, don ko da tsufa ba ta yarda wani ya riƙe mata filafili. Mun iso magudana ba kowa, ta tsaya a bangon da ke nesa da hanya. Gwiwoyinta ba sa hawa matakala, saboda haka na jefa mata igiyarta bisa turke ta zagayo, ta riƙe bakinta a hannu, ta zauna a ƙasa cikin inuwar bango. Ni na ɗauki kwanuka na haye, na bi ta gadar zuwa gefen hanya, inda akwai inuwar wata ɗorawa da ake cin abinci a ƙarƙashinta. Ina cikin shimfiɗa tabarma sai ga jirginmu ya shigo, ya nutse da nauyi har ruwa na lasar bakinsa. Ya shiga gefen kwalekwalen Inna ya cike wurin, ta zama tana tsakaninsa da bango, ba gaba ba baya. Daidai lokacin mai kula da ƙofa ya ɗaga murya daga kan gada, ya ce gulbi ya ja baya, bayan azahar zai buɗe, kowa ya kula da jirginsa. Ya faɗa ya maimaita, ba wanda zai ce bai ji ba.

Yaya Sahabi ya ji, kuma jin ne ya sa ya yi abin da ya yi. Ya ja jirgin ya manna shi da bango, ya ɗaure igiyar a turke gajeriya, ya taka da ƙafa ya ƙara ja, ya yi irin ƙullin da ake yi wa lodin mota. Na daɗe ina juya maganar a bakina kafin na durƙusa.

"Yaya, sannu da aiki. Na ce ko a ƙara masa igiya kaɗan. Malam yakan ce in za a buɗe ƙofa…"

"Garba ya koya miki jirgi, ke kuma za ki koya min ɗauri? Ni da nike ɗaure albasa ta kai kudu ba ta motsa ba? Ba ki ji an ce ruwa za su ja da ƙarfi ba? Shi ya sa na ɗaure shi gam. Zuba ma yara abinci, ɗiyar boko."

Ba da mugunta ya faɗa ba, har murmushi ya yi. Ya juya ya nufi bakin hanya neman motar da za ta kwashi buhunan. Na leƙa wurin Inna. Tana kallon igiyar, na ga ta gani. Ta kawar da kai ta yi magana da ruwa, kamar yadda ta saba.

"A gaya ma mai albasa ruwa ba mota ba ne."

Amma mai albasa ya riga ya yi nisa. 'Yan ƙwadago suka zube laujensu a gindin ɗorawa, suka ci abinci a gurguje, suka gangara bayan tudu yin alwala da salla. Na rage ni kaɗai a saman bango. Na tashi, na zauna, na je na duba igiya, na dawo, na leƙa hanya ko zan hango ƙurar babur ɗin babanku. Na ce wa Inna ta yi ƙoƙari ta hau sama, ta ce in na ga gwiwar da za ta hau in aro mata. Na tayar da salla a kan tabarma, kuma Allah ya gafarta mini, ban san me na karanta ba, kunnena yana kan wilin nan.

Ina sallamewa na ji ƙarar ƙarfe. Da fari ba abin da ya canza sai ganyaye da suka fara tafiya bisa ruwa. Can sai na ga wani layi mai duhu ya bayyana a jikin bango, inda ruwa ya bari, yana ƙara faɗi ina kallo. Inna tana sakin igiyarta sannu sannu, kwalekwalenta yana sauka tare da ruwa lafiya lau. Namu jirgin ya so ya bi, igiya ta hana. Ta miƙe ta yi tauri, ta fara kuka kamar ana murɗa busasshiyar fata. Gefen da ke jikin bango ya rataye a sama, gefen da ke wajen Inna ya fara nutsewa. Jirgin nan da lodinsa ya karkata a kanta. Buhun farko ya zame ya faɗa ruwa dab da ita, ya watsa mata ruwa a fuska. Na biyu ya daki bakin kwalekwalenta. Sauran suna jingine da juna suna motsi, suna jiran ɗaya ya ba da hanya.

Na yi wa mai ƙofa ihu. Ƙugin ruwa ya cinye muryata, kuma ko ya ji, ƙofar nan ba ta sauka da sauri. Na faɗa kan ƙullin da hannu biyu, farcena ya karye, amma nauyin jirgi gaba ɗaya yana kansa, ya zama kamar dutse. Na kira maza, ba wanda ya bayyana. Na leƙa ƙasa. Inna ba ta yi ihu ba. Ta ɗaga kai tana kallon katakon da ke saukowa kanta, leɓenta na motsi da kalmar shahada, hannunta riƙe da igiyarta.

Mutane sun ce tsoro ne ya ruɗa ni. Na ji tsoro ƙwarai, amma ban ruɗe ba. Na san abin da ke cikin jirgin nan. Na san in igiya ta rabu, ruwa zai ja shi ya maka da ƙofar ƙarfe. Na san abincin shekararmu ne, da gumin babanku na shekaru, kuma na san igiyar ba tawa ba ce. Duk wannan ya ratsa kaina kafin in kai gindin ɗorawa in dawo. Na ɗauki lauje, na ce bismillahi, na sa a igiya. Ba ta buƙaci sara da yawa ba, don ta riga ta kai iyaka. Ta tsinke da ƙara, bakinta ya tsala mini a hannu, tabon nan da kuke gani ke nan, wanda nake ce muku na girki ne.

Jirgin ya faɗo ya daidaita bisa ruwa da ƙarfi, ya tura kwalekwalen Inna ya bugi bango, ruwa ya cika shi rabi. Sannan ya zame ya wuce ta, yana tafiya kamar wani na tuƙa shi, ya je ya daki ƙofa. Na ji katako ya tsage. Ya juya gefe, ruwa ya danne shi, buhunan suka bi ta ƙarƙashin ƙofa ɗaya bayan ɗaya zuwa gulbi. Inna tana nan inda take, jiƙe sharkaf, igiyarta zagaye da turke, ta sa hannu ɗaya tana kwarfe ruwa da murfin kwano.

Abin da maza suka tarar da suka sheƙo ke nan: jirgi a farfashe, mace tsaye da lauje a hannu. Ba wanda ya ga karkatar, har mai ƙofa da ya ba mu baya yana murza wili. Yaya Sahabi ya iso da gudu, ya dafe kai, ya zube a ƙasa. Ban taɓa ganin babban mutum ya yi irin kukan nan ba.

"Mi kinka yi? Hauwa, mi kinka yi muna? Igiyar da na ɗaura da hannuna! Ɗaurina bai kwance ba, ku duba, ga shi nan bai kwance ba!"

Gaskiya ya faɗa, ƙullin yana nan daram. Na buɗe baki, na dubi Inna da ake ɗagowa ta matakala. Kalma ɗaya daga gare ta ta isa. Ta dubi ƙasa, ta ce a ba ta zane busasshe. Da la'asar babanku ya dawo da kayan inji ɗaure a bayan babur. Bai je wurin jirgin ba. Turke ya nufa, ya tsuguna, ya kama guntun igiyar da ya rage, ya gwada shi da damtsensa. Ya dubi layin ruwa a jikin bango, ya dubi inda kwalekwalen uwarsa yake. Ya daɗe a tsugune. Da ya tashi ya zo wurina ya ce in nuna masa hannuna.

Washegari da hantsi ya same ni bayan rumbu ina wanke wa Saratu kaya. Gida ya cika da 'yan jaje, ana ta maganar a zaure, kuma ina jin sunana yana fita yana shiga.

"Na ga igiyar," ya ce. "Na san abin da ya faru. In kina son a faɗa, yanzu in shiga zaure in faɗa, kuma ina bayanki."

"In ka faɗa me zai biyo baya?"

"Za a ce Yaya ya kusa kashe uwarshi. Ba shi sake ɗaga kai cikin garin ga. Inna kuma dole a tambaye ta, ta buɗe baki kan ɗanta na fari gaban mutane."

Na ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita. Na tuna kukan Yaya a bakin magudana. Na tuna yana da mata da 'ya'ya da ke kallonsa a matsayin bango. Na ce a raina ni mace ce, 'yar birni, an riga an sa ran zan yi wauta, ba da daɗewa ba za a yi dariya a manta.

"A bar shi," na ce. "Inna tana da rai. Ya isa."

Ya dube ni har na ji kunya, sannan ya koma zaure ya zauna ya karɓi jaje.

Ba a manta ba. Nan ne lissafina ya kuskure. Kafin sati ya zagayo yara sun fara kirana Ta-Lauje, manya suka ɗauka. Mu da muke noman shinkafa muka wayi gari muna awo a kasuwa. Babanku ya nemi jirgin da zai tuƙa wa wani, duk inda ya je sai a yi masa wasa mai ciwo, a ce a bar shi har matarsa ta huce. Shi kuma ya kasa zama inuwa ɗaya da wansa. Ba faɗa suka yi ba, gaisuwa ce kawai ta yi gajarta har ta kusa ƙarewa. Bayan na haifi Bashir muka tattara muka dawo Birnin Kebbi, muka kama ɗaki a nan Nasarawa. Mutumin da ya san kowane lungu na gulbi ya koma ɗan kabu-kabu, daga baya ya samu keke mai ƙafa uku. Da shi ya yi muku makaranta, bai taɓa kokawa ba. Amma duk damina sai ya rasa natsuwa. Ya fita ya dawo ba dalili, ya tsaya a tsakar gida yana shaƙar iska. Wani lokaci fasinja ya ƙare masa a kusa da gadar gulbi, sai ya kashe keke ya tsaya kallon ruwa har rana ta karkata. Ya dawo ya ce mini ruwa sun hau, ko ruwa sun sauka, kamar akwai abin da za mu yi da labarin. Ni na san abin da shiruna ya ci masa. Sau da yawa na tambayi kaina ko da na bar shi ya shiga zauren nan da ya mutu da filafili a hannu. Har yau ban sami amsa ba. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne ko da na bar igiyar.

Da Inna ta tsufa ƙwarai, wurinmu ta zaɓi zama, kuna tune da ita a ɗakin da Saratu ke ajiye keken ɗinki. Wata rana da yamma ina shafa mata man zafi a gwiwa, ba wata magana da ta kawo shi, sai ta kama hannuna ta juya, ta sa yatsa a kan tabon.

"Na ga cikin jirgin nan bisa kaina, Hauwa. Har ƙusoshi na gani."

"Inna, ya wuce."

"Bai wuce ba. Hannuna ya riƙe igiya, bakina ya kasa. Ki yafe min."

Na ce ba ta yi mini komai ba, muka yi kuka tare, sannan ta ce man ya yi yawa, ina ɓarna. Ko ta taɓa aika wa Yaya Sahabi magana ban sani ba. Abin da na sani, tun daga wata shekara, duk kaka sai buhun shinkafa ya iso gidan nan daga Gulma, ba saƙo, ba gaisuwa, direba ya sauke ya tafi. Ranar da aka yi jana'izar babanku, Yaya ya shigo cikin gida ya tsuguna nesa da ni. Ya ce, "Hauwa," na ɗago. Bakinsa ya yi motsi. Sai ya ce, "Ya haƙuri?" Na ce da godiya. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan, kuma na karɓa.

Saboda haka ban yarda ɗayanku ya ɗauki wannan ya kai Gulma ya karanta wa 'ya'yan baffanku ba. Ubansu ya yi abin da ya sani ne, da niyyar tsare abincin gida. Su ci gaba da kirana Ta-Lauje, na saba, har nakan amsa. Ku dai nake so ku sani.

Kai kuma Bashir, Saratu ta nuna mini hoton jirginka a waya. Ya yi kyau, Allah ya sa albarka, ya tsare ka da duk wanda za ka ɗauka. Amma na sa ta ta buɗa hoton da yatsa har na ga turke, na ga yadda ka ɗaure shi. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ka manna shi da gaɓa, ka yi ƙulli bisa ƙulli, irin na baffanka sak.

Ka zo ka ɗauke ni ranar Juma'a bayan an sauko. Na riga na wanke mayafina, na ajiye takalmin roba a bakin ƙofa. Ba zan zo da lauje ba, ka gaya wa 'yan'uwanka su kwantar da hankali. Ka kai ni bakin ruwa, ka kwance ƙullin nan da hannunka, ka zagaya igiyar a turke, ka miƙo mini bakinta. Akwai abin da babanka ya sa a tafin hannuna ina amarya, kuma ba ya shiga takarda. Sai ka riƙe tare da ni za ka ji shi.